Tayirod mai ramar da mutum: magani, safliment da gwajin jini, wa ke jan ragama?

Wanda likita ya ce tayirod ɗinsa na aiki fiye da ƙima, shin dole ne ya shafe shekara ɗaya da rabi yana haɗiyar ƙwaya yana zaryar gwajin jini, ko kuwa safliment, wato ƙwayoyin ƙarin sinadaran abinci, da ake tallatawa a TikTok da zaurukan WhatsApp zai iya raba shi da ciwon? Wannan tambaya ta yawaita a bakin matan Kano, musamman yanzu da kuɗin magani da na gwaji suka yi tashin gwauron zabi. Masu talla kuma suna da amsa a shirye: maƙoƙo rashin aidin ne, ga kwalba, wata uku ya baje. A wannan amsa akwai gaskiya kaɗan, akwai kuma haɗari mai yawa.

Na san ciwon nan a cikin gida. Wani hunturu, lokacin da kowa ke rakuɓe gefen kasko yana jin ɗumi, Yayata tana tsakar gida da mafici a hannu, gumi na tsattsafo mata. Tana cin tuwo malmala biyu ta nemi ƙari, amma awarwaron hannunta sai zamewa yake yi, tela ya rage mata riguna sau biyu. In ta ɗauki kofin shayi sai ka ji cokali na ƙara a ciki saboda rawar hannu. Abu kaɗan ta fusata, dare kuma ba barci. An yi maganin maleriya da taifod a kemis har sau uku, an auna suga, an yi ruƙiyya, an fara kallon kishiya. Sai da aka kusa wata takwas kafin wani likita ya kama wuyan hannunta ya ƙirga bugun jini, ya ɗora takarda a kan yatsunta ya ga tana kaɗawa, ya ce, "Hajiya, a je a auna tayirod."

Mene ne tayirod, kuma me ake nufi da ya yi yawan aiki?

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Kowa yana da ita. Aikinta ta ɗebi aidin daga abincin da muka ci ta haɗa sinadarai biyu da ake kira T4 da T3, waɗanda su ne totur ɗin jiki: su ke saita saurin bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har da yanayin barci da natsuwa. Idan sun yi yawa, kamar totur ne ya maƙale, inji na ta ihu yana shan mai ko da motar a tsaye take. Shi ya sa mai ciwon ke ci yana ramewa, gabansa na faɗuwa, yana yawan zagayawa, mace kuma jinin al'adarta ya rikice ko ya ragu.

Akwai sinadari na uku, TSH, wanda ke fitowa daga wata 'yar ƙwaya mai girman wake a gindin ƙwaƙwalwa. Shi ɗan aike ne: idan T4 ya yi ƙasa a jini sai a turo shi da yawa ya ce wa tayirod ta ƙara himma, idan kuwa ya yi yawa sai a daina aiken. Don haka takardar gwajin mai wannan ciwo takan nuna T4 ko T3 a sama, TSH kuma ya yi ƙasa har kusan sifili. Mutane da yawa suna ganin TSH ɗinsu ya faɗi sai su ɗauka tayirod ɗin ce ta yi rauni, alhali akasin haka ne.

Maƙoƙo kuwa kumburin tsokar ne kawai. Ana samun maƙoƙo da sinadari daidai, ana samun sa da sinadarin da ya yi ƙasa, ana samun sa da wanda ya yi yawa. Ana kuma samun ciwon ba tare da wuya ya kumbura a ido ba. Ido ba ya bambance su, hannu ma ba ya bambance su. Jini kaɗai ke faɗa.

Daga ina yake zuwa?

Mafi yawan lokaci, musamman ga mata matasa da masu matsakaicin shekaru, sanadin shi ne cutar Graves, wadda ta samo suna daga Robert Graves, likita ɗan ƙasar Ayilan da ya yi bayaninta a 1835. A nan garkuwar jiki ce ke kuskure, ta samar da wasu sinadarai masu kwaikwayon ɗan aiken nan, su riƙa zuga tayirod ba dare ba rana. Takan bi dangi, ta fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke sa idon wasu ya firfito kamar a razane suke.

Na biyu shi ne tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle. Dattijuwa za ta yi shekara ashirin da maƙoƙonta a ƙarƙashin mayafi ba ya damunta, sai wani ƙulli a ciki ya ɓalle ya fara aiki da kansa ba ya jin umarnin kowa. Ga tsofaffi ciwon ba ya yawan zuwa da gumi da faɗa. Sai dai kasala, rama, da zuciyar da ke bugawa a hargitse.

Na uku kumburin tayirod ne na ɗan lokaci, wanda kan biyo bayan mura mai tsanani ko haihuwa. A nan tsokar ba ƙarin aiki take yi ba, abin da ta tara ne ke tsiyaya cikin jini, kuma yakan lafa da kansa cikin 'yan watanni. Mai jego da ke fama da faɗuwar gaba da haki kada a ce mata ai wankan jego ne ko rashin barci. Yana iya zama tayirod, yana kuma iya zama ciwon zuciyar bayan haihuwa, wanda likitocin Kano da Zariya suka daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa.

Sanin sanadin yana da muhimmanci domin magani ɗaya ba ya yi wa ukun aiki iri ɗaya.

Abin da ƙwayar ke yi, da dalilin jinkirinta

Maganin da aka fi rubutawa a asibitocinmu shi ne Carbimazole. Aikinsa hana tayirod haɗa sabon sinadari. Likita kan fara da miligiram 15 zuwa 40 a rana gwargwadon tsananin ciwon, sannan ya riƙa ragewa har a dawo wajen 5 zuwa 15.

Ga inda mutane ke karaya. Ka sha sati ɗaya, sati biyu, ba ka ga wani canji ba. Ɗan kasuwar Singa zai gane dalilin: in an rufe kamfani yau, kaya ba sa yankewa a kasuwa gobe, domin sito cike yake. Tayirod tana ajiye sinadarin da zai kai makonni, kuma sai ya ƙare kafin a ji bambanci, yawanci tsakanin sati huɗu zuwa takwas. Saboda wannan tazara ne ake haɗawa da Propranolol, wanda ke kwantar da bugun zuciya da rawar hannu cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ba ya taɓa tayirod ko kaɗan, kuma mai asma ba ya shan sa, don haka kada a ɓoye wa likita.

Karaya ta biyu ta fi ta farko illa. A wata na uku ko na huɗu jiki ya dawo, kumatu sun ciko, barci ya samu, sai mutum ya ce ya warke. Haka Yaya ta yi. Na je gaishe ta na ga katin maganin a kan madubi ƙura ta rufe shi. Na ce, "Yaya, ba kya shan maganin ne?" Ta ce, "Haba, kai ma dai. Ka dube ni mana, ina ciwon yake?" Kafin wata biyu faɗuwar gaba ta dawo, aka koma kan adadin farko, aka sake ƙirga watanni daga ɗaya.

Ga mai cutar Graves, ana shan maganin wata 12 zuwa 18 ne domin a ba garkuwar jiki lokaci ta huce. Ko an cika wa'adin, kusan rabin mutane ciwon kan dawo musu, galibi cikin shekarar farko bayan dainawa. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa wa mara lafiya tun ranar farko, domin in ya dawo kada ya ce maganin asibiti ƙarya ne. Ga mai maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle kuwa, ƙwaya tana danne ciwon ne kawai, ranar da aka daina ya taso. Shi kuma kumburin bayan haihuwa Carbimazole ba ya yi masa komai.

Zazzaɓin da ba na maleriya ba

Wannan sashe shi na fi so a riƙe. A cikin mutum dubu masu shan Carbimazole, ana samun kamar biyu zuwa biyar da maganin zai karya musu fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin da ke yaƙi da cuta. Ya fi faruwa a watanni ukun farko, kuma yakan zo kwatsam. Alamarsa zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ko gyambo a baki.

A Kano kuwa mun san hanyar da zazzaɓi ke bi. Ana aika yaro kemis, a kawo maganin maleriya, in bai sauka ba a ce taifod ne a yi allurai, kwana biyar sun tafi ana ci gaba da haɗiyar ƙwayar da ta jawo matsalar. Mutumin da ba shi da fararen ƙwayoyin jini, ƙaramar cuta tana iya kai shi kushewa cikin waɗannan kwanaki. Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci: mai shan Carbimazole da ya ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya dakatar da maganin, ya je asibiti a ranar, ya faɗi sunan maganin da bakinsa, a yi masa gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini. In sakamako ya fito lafiya, likita ya ce ya ci gaba. Mafi yawan lokaci maleriyar ce ko mura, amma ba a gane hakan sai an auna.

Haka nan in ido ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, ko ciki ya murɗa da ciwo mai tsanani, a dakata a ga likita, domin maganin yana iya taɓa hanta. Ƙaiƙayi da 'yan ƙuraje sun fi yawa, kuma galibi ana shawo kansu ba tare da an bar maganin ba.

Gwajin jini: me ya sa ake ta maimaitawa?

Adadin ƙwayar da ya dace da kai a watan farko zai yi maka yawa a wata na uku. In ba a rage ba sai tayirod ta koma ƙasa, mutum ya fara jin sanyi, kasala, ƙiba, bushewar ciki, maƙoƙon ma ya ƙara girma. In an rage da wuri ciwon ya taso. Babu yadda likita zai san inda ake sai da takarda. Shi ya sa a farko ake aunawa duk sati huɗu zuwa shida, in abubuwa sun daidaita a koma duk wata biyu ko uku.

TSH yana da nawa wajen farfaɗowa. Yakan zauna a ƙasa na watanni ko da T4 ya dawo daidai. Wanda ya je lab da kansa ya auna TSH kaɗai don sauƙin kuɗi, ya ga har yanzu yana ƙasa, ya ƙara wa kansa ƙwaya, ya cuci kansa. A watannin farko T4 da T3 ake bi. In aljihu ba zai ɗauki ukun ba, a faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, shi zai zaɓi wanda ya fi zama dole a wannan zuwan. Ya fi kyau kuma a tsaya a lab ɗaya, domin ma'aunin injina ya bambanta. Kafin a daina magani, inda hali ya samu, akwai gwajin TRAb da ke nuna ko garkuwar jiki ta huce. In har yanzu yana sama, dawowar ciwon ta fi kusa.

Safliment: mai cutarwa, mai ruɗa gwaji, da mai ɗan amfani

Ban ga laifin matar da ta karkata ga masu talla ba. Layin asibiti dogo ne, ranar ganin likita tana da nisa, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani bai sauko ba, ga mai talla yana amsa saƙo da tsakar dare yana kiranta Hajiyata. Amma abin da ke cikin kwalbar shi ne abin dubawa.

Mafi haɗari su ne masu aidin da yawa, irin ciyawar teku da ake sayarwa da sunan kelp ko sea moss, da duk abin da aka rubuta wa "mai ƙarfafa tayirod". Baligi yana buƙatar kimanin maikrogiram 150 na aidin a rana, mai ciki kuma 250. Gaskiya ne rashin aidin na kawo maƙoƙo, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sa shi a gishiri. Amma aidin shi ne itacen da tayirod ke hura wuta da shi, wanda wutarsa ta riga ta yi yawa kuwa ba a ƙara masa itace. An ga haka a Zimbabuwe a shekarun 1990, inda masu wannan ciwo suka ƙaru bayan an fara sa aidin mai yawa a gishiri, akasari tsofaffi masu daɗaɗɗen maƙoƙo. Wannan ba ya nufin a bar gishirin kanti a gida. Yara da masu ciki suna buƙatarsa, kuma ɗan abin da ke cikin miya ba shi ne matsalar ba. Haka ma ashwagandha, wani tsiron magani da ake sha don barci da natsuwa, an samu waɗanda ya tayar wa sinadarin tayirod.

Sai bayotin, wani nau'in bitamin da ke cikin kusan duk ƙwayoyin gyaran gashi, fata da farce da amare da 'yan mata ke sha. Jiki na buƙatar maikrogiram 30 ne a rana, kwalaben kuwa sukan ɗauki 5,000 ko 10,000. Bayotin ba ya taɓa tayirod, injin gwaji yake ruɗawa. A injina da yawa yakan nuna T4 da T3 sun hau, TSH ya faɗi, daidai hoton mai cutar Graves. Mai lafiya sai a ɗora ta a kan magani, mai samun sauƙi sai a ƙara mata adadi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan tun 2017. Abin takaicin shi ne ciwon kansa yana zubar da gashi, don haka masu ciwon su suka fi sayen bayotin. A daina shan sa aƙalla kwana biyu kafin gwaji, a kuma gaya wa likita.

Seleniyom, wani sinadarin da jiki ke buƙata kaɗan daga abinci, shi ne mai ɗan hujja. Wani bincike da aka yi a Turai aka wallafa a 2011 ya nuna maikrogiram 200 a rana na wata shida ya taimaka wa masu matsalar ido marar tsanani ta cutar Graves. Iyakarsa ke nan. Ba ya maye gurbin Carbimazole, kuma in ya yi yawa shi ma yana zubar da gashi ya lalata farce. Kalsiyom da bitamin D suna da wuri in likita ya ga buƙata, domin ciwon yana cinye ƙashi. Abin da ya fi kowane safliment amfani ga ido shi ne barin sigari da shisha.

Game da jiƙe-jiƙe da garin magani na gargajiya, roƙona ɗaya ne: a nuna wa likita, kuma kada a ajiye ƙwayar asibiti dominsu. Addu'a da ruƙiyya kuwa ba su taɓa hana shan magani ba.

In ƙwaya ta gaza

Hanya biyu suka rage, kuma likitoci kansu sun sha bamban a kan wadda za a gabatar. Ta farko aidin mai tururin nukiliya, wanda ake haɗiya sau ɗaya ya je ya ƙone tsokar a hankali. Likita Saul Hertz ne ya fara amfani da shi a Boston ta Amurka a 1941. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, ana jinkirta ɗaukar ciki wata shida bayansa, kuma yana iya ƙara matsalar ido. A Najeriya cibiyoyinsa kaɗan ne, an fi sanin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, don haka ɗan Kano sai ya haɗa da kuɗin tafiya.

Ta biyu tiyata, wadda ake yi a nan gida a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ta fi dacewa da babban maƙoƙon da ke danne numfashi ko haɗiya. Tsoron da ake yi na rasa murya yana da tushe, domin jijiyar murya a bayan tsokar take, amma a hannun ƙwararre abin ba ya yawan faruwa. Ba a shiga tiyata sai an fara daidaita jini da ƙwaya. Bayan kowace daga cikin biyun, yawanci mutum zai koma shan Levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin tayirod, kullum har ƙarshen rayuwa, ana aunawa lokaci-lokaci.

Barin ciwon haka nan shi ya fi duka tsada. Yana hargitsa bugun zuciya har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko gazawar zuciya, kuma wata rana zazzaɓi, haihuwa ko tiyata na iya tunzura shi ya yi tashin da ke kisa: jiki ya yi zafi rau, zuciya ta yi gudu, hankali ya gushe.

Ciki, shayarwa da azumi

Matar aure da aka ɗora a kan Carbimazole ta yi maganar haihuwa da likita tun ranar farko, maigida kuma ya kasance a wurin in zai yiwu. Maganin yana iya yi wa halittar jariri illa a watanni ukun farko, shi ya sa ake so a yi tazara har jini ya daidaita, ko a canza zuwa PTU, wani maganin mai aiki irin na Carbimazole, kafin ciki ko da zarar an gane shi. Wadda ta ga ɓatan wata ta je asibiti a makon, kada ta jira ranar awo, kada kuma ta yanke wa kanta hukunci, domin ciwon da ba a kula da shi ba yana kawo ɓari, bakwaini da hawan jinin masu ciki. Shayarwa tana yiwuwa a kan matsakaicin adadi.

Azumi bai cika zama matsala ga wanda jininsa ya daidaita ba, tun da Carbimazole ana iya shan sa sau ɗaya a rana, da sahur ko bayan buɗa-baki. Wanda har yanzu zuciyarsa ke gudu yana zubar da gumi, musamman in azumi ya faɗo a zafin bazarar Kano, ya tambayi likita da malami kafin watan ya tsaya.

Yaya yanzu tana wata na goma sha huɗu a zagaye na biyu, ƙwaya ɗaya ta miligiram 5 kowace safiya. Ta sayi ƙaramin littafi mai bango ja, kowane shafi da kwanan wata, T4, TSH da adadin maganin da aka rubuta mata, takardun lab kuma a naɗe cikin leda a bayansa. A shafin farko 'yarta ta rubuta mata da manyan baƙaƙe: zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, a tsayar da magani, a tafi asibiti. Gwajinta na gaba sati biyu bayan Sallah ne, kuma ta riga ta ware kuɗinsa daga adashi.